Maigida, Sayo Naman, Bar Mana Yankan Albasar

Yau ina so mu yi magana a kan wani abu da kowaccenmu takan yi murna in ta ga ya shigo gida, watau ƙunshin tsire ko balangu da maigida yakan riƙo da dare.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancen. Kwanan baya, bayan sallar lisha, Malam ya shigo mana da tsire a nan Babura. Da na kwance ƙunshin sai na ga jan biro. Ashe takardar lissafi ce ta wani ɗan firamare, har da makin da malaminsa ya ba shi, bakwai cikin goma. Maiƙo ya narkar da tawadar, ta yi shuɗi a jikin albasa. Muka yi dariya, muka ci abinmu. Mu manya ba abin da ya same mu, amma ƙaramar 'yata, wadda ta fi kowa tsintar albasa da kabeji, ta kwana biyu tana amai da zawo, har sai da aka kai ta asibiti aka ƙara mata ruwa.

Bayan ta warke, wata rana da la'asar ina dawowa daga makaranta, sai na rage tafiya a kusa da teburin wani mai tsire ina kallon yadda yake shiri. Wuƙar da ya feɗe ɗanyen nama da ita, ita ce ya goge a tsumma ya yanka albasa da tumatir. Katakon ɗaya ne. Hannun da ya karɓi kuɗi shi ya debi kabeji. To, shi naman zai je tukuba wuta ta gyara shi. Albasar fa, wace wuta za ta gani? Tun daga ranar na yanke shawara, kuma ita nake so in ba ku: nama a sayo shi a inda aka san asalinsa, amma kayan da ake zubawa a kai, wannan aikinmu ne mu mata a cikin gida.

Kada wata ta ce ina raina waɗannan kayan haɗi. Ai su ne rabin daɗin gashi. A gidanmu ma kowa da ra'ayinsa. Malam ba ya cin tsire sai an barbaɗa yaji ya yi ja wur. Surukata ta fi son garin ƙuli da ɗan man gyaɗa, ba ta son zafin barkono. Yara su dai tumatir da kokwamba. Ni kuwa a ba ni ɗanyar albasa da yawa, a matsa lemon tsami, shi ke nan an gama da ni. Na san ke ma, 'yar'uwa, kina da naki zaɓin, kuma za ki iya yin gardama a kansa har gari ya waye.

Wannan gardama ba mu kaɗai muke yin ta ba. Mutanen Amurka suna da wani abinci da suke kira hotdog, wanda 'ya'yanmu suke gani a talabijin da wayar hannu suna tambayarmu. Ma'anar sunan da Turanci "zazzafan kare", amma ba kare a ciki. Soseji ne ake gasawa ko a dafa, a tsaga dogon burodi a sa shi a tsakiya. Jamusawa da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 su suka tafi da shi. Mutanen birnin Niyok sukan zuba masa mastad da albasa da kabeji mai tsami, su kuwa mutanen Shikago sukan cika shi da tumatir da albasa da barkono, kuma abin kunya ne a wurinsu a zuba masa jar miyar tumatir ta kwalba. Kun ga ke nan, ɗan Adam ko ina yake, gardamar yaji da albasa ba ta ƙarewa.

Shi soseji nama ne da aka niƙa da kitse da gishiri da kayan ƙamshi, aka ɗura a cikin hanji ko wata 'yar fata mai kama da shi. Ana sayar da shi a manyan kantunan Kano, kuma na ga wasu amare suna ɗaukarsa alamar wayewa. Ban hana ki ɗanɗana ba, amma ki sani sayen naman da aka niƙa cinikin biri a sama ne, sai abin da takardar jikinsa ta gaya miki. A ƙasashen Turai da yawansa da naman alade ake yi. Saboda haka karanta ki ga na sa ne, ko na kaza, ko na alade. Duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da zai lalace. Sa'an nan ki tuna abu ne da ba ya zama sai cikin firji, ga shi kuwa mun san halin wutar lantarkinmu. Haka kuma a shekarar 2015 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka bayyana cewa cin naman da aka sarrafa irin wannan, giram 50 kowace rana, yana ƙara haɗarin kamuwa da ciwon dajin hanji da kamar kashi 18 cikin 100. Abin marmari ne na lokaci lokaci, kada ya zama abincin kullum na yara.

Mu kuwa Allah ya hutar da mu daga sayen naman da ba mu gani ba. Ƙasarmu ƙasar dabbobi ce. Babura tana bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, ga kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, wadda tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan, ga ta Dambatta kusa da mu. Daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa ba garin kirki da ba shi da mahauta da Sarkin Fawa. Fawa sana'a ce ta gado, kuma mahauta da yawa mutane ne masu tsabta da amana, waɗanda sun fi son su yi asara da su sayar wa maƙwabci abin da zai cuce shi. Irin waɗannan za ki nema, ki riƙe guda ɗaya, ya san gidanki, ke ma ki san shi.

In za a sayo ɗanyen nama don gashi, a tafi da hantsi, lokacin da aka fito da yankan safe, kada a bari sai ya wuni a rana ƙudaje sun sha a kansa. Nama mai kyau ja ne mai haske, in aka danna shi da yatsa sai ya dawo, ba ya yauƙi, ba ya wari. In kin ga wasu fararen ƙwayoyi kamar shinkafa a cikin tsoka, musamman a zuciya ko harshe ko kumatu, mayar masa da abinsa, domin su ne ke zama tsila a cikin mutum idan naman bai gasu ba. Tsokar cinya ita ta fi kyau da tsire da kilishi. Haƙarƙarin rago ko na akuya ya fi daɗin balangu. Mai son maiƙo a haɗa masa da ɗan tozo.

Abu guda da nake roƙonku da shi: ku guji naman araha na dabbar da aka yi gaggawar yankawa don an ga za ta mutu. Araha ba ta ado. A watan Yuli na 2023 gwamnati ta tabbatar da ɓullar cutar antaraks, wadda makiyaya ke kira saifa, a wata gona kusa da Suleja ta Jihar Neja, kuma cuta ce da mutum yakan ɗauka wajen feɗe dabba marar lafiya ko cin namanta. In kuɗi ba su kai ba, ku haɗa kai da maƙwabta ku yi watanda, a sayi dabbar da aka gani tana tafiya da ƙafarta, a yanka a raba.

Na san abin da wasu mazan za su ce. Za su ce gashin gida ba ya kama ƙafar na mai tukuba, kuma wa zai tsaya jiran hura gawayi da dare? Wannan gaskiya ne, gwani gwani ne, ni ma ban iya jera tsinke kamar mai tsire ba. Kuma na san yawancinmu ba ma zuwa kasuwa, sai dai aike. Shi ya sa ban ce a daina sayen tsire ba. Abin da nake nema kaɗan ne, kuma ba ya cin ko kwabo. Maigida ya tafi da kwano mai murfi daga gida, a bar naɗe abinci a jarida ko takardar makaranta ko ta buhun siminti. Gwamnatin Indiya ma ta gargaɗi mutanenta tun 2016 a kan naɗe abinci a jarida saboda tawada. Ya sa a mayar da naman wuta a gabansa har ya yi zafi ciki da waje, ba sauran ja a tsakiya. Sa'an nan ya ce wa mai tsire ya bar albasar da kabejin. In an kawo, a ci da zafinsa, domin masana sun ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba firji.

Yadda za ki faɗa masa shi ne muhimmi. Kada ki tare shi a bakin ƙofa da wa'azi, ya kawo abin alheri ki sa ya yi da na sani. Ki yi godiya, ki ci, kashegari in zai fita ki miƙa masa kwano ki ce, "Malam, ga wannan, in Allah ya hore. Albasar kuwa bar mini, na riga na yanka." Namijin da ya dawo ya tarar da faranti an jera tumatir da albasa da lemon tsami, ba zai sake marmarin ta tebur ba.

Ke ma kuwa sai kin gyara naki hannun, don kada mu ga laifin mahauci mu manta da madafinmu. Wanke hannu da sabulu. Ɓare bayan albasa da ganyen kabeji na waje ki zubar, ki wanke sauran da ruwa mai tsabta, in kina shakkar ruwan ki tafasa shi ya huce. Ware wuƙa da faranti na ɗanyen nama dabam. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da kwalara ta kama mutane fiye da dubu ɗari a Nijeriya, ta kashe fiye da dubu uku, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ta ruwa da abinci da hannu marar tsabta take shiga.

Yajin ma daka naki. Ni nakan ɗauki garin ƙuli gwangwanin madara biyu, barkono rabin gwangwani, citta cokali biyu, da ɗan kanumfari da masoro da gishiri, in daka, in tankaɗe, in zuba a kwalba busasshiya in rufe. Ƙulin ki tabbata na gyaɗa mai kyau ne. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi. In kina da kurfoti da 'yar waya ta gashi, gwada ranar Juma'a: yanka tsoka fale-fale, shafa man gyaɗa da yajin, bari ya jiƙu, ki gasa a garwashin da ya daina hayaƙi, kada ki bari ya ƙone ya yi baƙi.

Sauran magana ɗaya, ita ce ta rabo. A gidaje da yawa maigida da 'ya'ya maza su ke cinye tsokar, a bar wa mata da 'yan mata albasa da guntun yaji a takarda. Ku duba fa, abin da ya fi haɗari shi ake bar wa wadda ta fi bukatar nama. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Ina ganin su a aji, yarinya ta fara girma, tana hamma tun ƙarfe goma, idonta fari fat. Nama da hanta suna cikin abubuwan da suka fi ƙara jini, tumatir da lemon tsami kuma suna taimakon jiki ya amfana da abincin. In kwanon ya zo hannunki, uwargida, raba shi da adalci, ki fara da mai ciki da mai goyo da budurwar gida.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ake aike, saboda haka ku buɗe ido. In an ba ki kuɗi ki sayo nama, dubi teburin da wuƙar da hannun mai sayarwa kafin ki miƙa kuɗin, ki dawo ki gaya wa Inna abin da kika gani. Littattafanku kuma ku adana su, kada wata rana malamarku ta ci karo da makinku a jikin albasa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya buɗa wa mazajenmu su riƙa riƙo mana ƙunshi, ko in ce kwano. Sai wani mako in Allah ya kai mu. Wassalam.