Ƙanƙara Ba Ta San Tsohon Direba Ba



Hunturu ya kankama a ƙasashen sanyi, kuma yau da 'yan uwanmu na can nake magana: mai tasi a Toronto, mai kai kaya gida-gida a Manchester, mai jan tirela daga wannan jiha zuwa waccan a Amurka. Maganata ɗaya ce, zan kuma yi ta nanata ta har ku gaji da ni. Gudu. Gudu a kan ƙanƙara.

Ku tuna asubahin 11 ga Fabrairun 2021 a birnin Fort Worth na jihar Texas. Motoci 133 suka yi ta afka wa juna a babbar hanya, mutum 6 suka rasa rayukansu. Me ya sauko daga sama? Yayyafi. Yayyafi kawai, ya daskare a kan kwalta a inda titin ya hau gada. Masu bincike sun ga laifin masu kula da hanyar, gaskiya ne, amma sun kuma ce direbobi na sheƙa gudun da bai dace da yanayin ba. Kowa na sauri ya kai wurin aiki. Sauri kuwa ya haifi nawa.

To amma ka gaya wa ɗan uwanmu haka, ka ji amsa. "Haba Malam, ni fa tsohon direba ne. Shekara ashirin ina Kano zuwa Legas." Madalla, Allah ya ƙara basira. Sai dai ƙanƙara ba ta san tsohon direba ba. Ba ta tambayar lasisi, ba ta tambayar shekaru. Mafi sharrinta ma ba a ganinta: siririya ce, garau, ka hango titi baƙi wuluk ka ɗauka jiƙewa ce kawai. Gada ce ke fara daskarewa, domin iska mai sanyi na dukanta ta sama da ta ƙasa. Littafin ƙa'idojin hanya na Birtaniya ya faɗa ƙarara cewa tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya tana iya ninkawa sau 10 a kan ƙanƙara. Sau 10, jama'a! Amma tsohon direbanmu yana manne da bayan motar gabansa sai ka ce a layin shan mai.

Wani kuma da babbar jif yake taƙama, wai duk ƙafafunta huɗu ja suke yi. Ja dai suke yi, mun yarda. Wajen tsayawa fa? Birkinta da na ƙaramar mota duk a kan roba ɗaya suka dogara.

Robar nan ce ma ta kawo ni kan taya. Da zarar sanyi ya yi ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Selsiyas, tayar bazara ta soma ƙandarewa, riƙonta ya ragu. Shi ya sa a lardin Quebec na Kanada doka ta wajabta tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Jamus ma, idan titi ya yi ƙanƙara aka kama ka babu ita, tara ce. Ɗan uwanmu ya ce tsada. Wayar da ke aljihunsa ba ta yi masa tsada ba.

Abin takaicin, tayar nan da ya ƙi saya tana sabuwa, mu nan gida muna rububinta bayan ta tsufa. Ku leƙa wajen masu tayoyin gwanjo, ku duba gefen wasu, za ku ga ɗan zanen dutse mai tsini uku da alamar dusar ƙanƙara a ciki. Tayar sanyi ce. An yi ta da roba mai laushi don titin da ya daskare, ta gama aikinta a Turai, sai ga ta a motar haya tana bin kwaltar Sakkwato a zafin Afrilu da fasinja maƙil. Shigo da tsofaffin tayoyi fa haramun ne a dokar Najeriya. To ta ina suke shigowa? Da fiffike? In ta fashe a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma wani ne ya sayar, wani ya saya, wani kuma ya kau da kai a bakin iyaka.

Mu koma kan gudu. Na san wasunku ba son ransu ba ne. Akwai masu kamfanonin da ke zaune a ofis mai ɗumi suna ƙirga wa direba mintoci, lokacin da suka yanka masa a bazara shi suke jira a tsakiyar hunturu. Su ma da hannunsu a ciki dumu-dumu. Amma ƙafar da ke kan totur taka ce, ɗan uwa, kuma gawar da za a yi ta karo-karon kuɗin kawowa gida ba ta mai kamfani ba ce.

Don haka ina roƙonku. Ku rage gudu, ku bar tazara mai yawa. In mota ta fara zamewa, a ɗaga ƙafa daga totur, kada a fizgi sitiyari. In dusar ƙanƙara ta tsare ku a hanya, ku share bakin salansa kafin ku bar inji a kunne, don hayaƙin kisa yake yi ba ƙara. Ku kuma iyaye da mata da ke nan gida, in kun yi waya da su yau, kafin a kai ga zancen aike, ku tambaye su ko sun canza taya, ku ce su tafi a hankali.