Gidajen Gwamnati a Potiskum: Ina Rabon Ɗan Ci-Rani?

Duk wanda ya taɓa kwana a tashar manyan motoci ta Apapa, ko a karar shanu ta Oko-Oba da ke Agege, ko a unguwar Sabo ta Badun, ya san cewa hirar 'yan'uwanmu mutanen Arewa ba ta yin nisa sai ta dawo kan magana ɗaya, wato maganar gini a gida. Wannan zai ce ya sayi fili amma bai samu ya kewaye shi ba. Wancan zai ce nasa ginin ya kai linta, shekara uku ke nan yana jiran kwano. Wani kuma sai ya yi shiru, domin iyalinsa suna can cikin ɗakin haya, mai gidan kuwa ya aiko cewa bana za a ƙara kuɗi. Saboda haka ne muka ga ya kamata yau mu dubi shirye-shiryen gidaje masu sauƙin kuɗi da gwamnatoci ke yi, mu tambaya ko akwai rabon irin waɗannan bayin Allah a ciki. Za mu ɗauki Potiskum ta Jihar Yobe a matsayin ma'auni, domin abin da ya same ta shi ne ya sami sauran garuruwanmu na kasuwanci.

Potiskum gari ne da ke kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, inda hanyoyin Bauchi da Gombe da Gashuwa suka haɗu. Kasuwar shanunta tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma daga can ne ake lodin dabbobi da hatsi zuwa Legas da Badun da Anacha da Fatakwal. An san mutanenta da mallakar manyan motoci da tuƙa su. Ƙidayar 2006 ba ma buƙatar dogon bayani a kanta: a shekarar 2006 an ƙirga mutum fiye da 200,000 a ƙaramar hukumar, daga baya kuma tashin hankalin da ya addabi Arewa maso Gabas ya koro jama'a masu yawa daga ƙauyuka zuwa manyan garuruwa. Gari ya cika ya batse, fili ya yi tsada, haya ta hau. Mafi yawan masu riƙe da arzikin garin nan kuwa fatake ne da dillalai da direbobi da 'yan kamasho da masu ƙananan sana'o'i, waɗanda ba su taɓa karɓar albashin wata ba.

Maganar gidajen talakawa ta daɗe a bakin gwamnati. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973, aka kuma kafa Bankin Ba da Lamunin Gina Gidaje na Tarayya a 1977. A cikin shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, an yi niyyar gina gidaje 202,000, amma waɗanda aka gama ba su kai 30,000 ba. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, sai gwamnatinsa ta ɗauki alkawarin gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. A lokacin nan Potiskum tana cikin tsohuwar Jihar Barno. Har yau a garuruwa da yawa na Arewa akwai unguwar da ake kira da sunan Shagari, wannan kuwa shaida ce cewa an yi aiki. To amma dattawa ba su manta da inda aka yi tuntuɓe ba. An gina waɗansu gidajen can bayan gari, ba ruwa ba hanya, waɗansu 'yan kwangila sun karɓi kuɗi sun bar aiki a rabi, ga kuma jayayya tsakanin Gwamnatin Tarayya da waɗansu jihohi a kan fili. Gidajen da yawa sun yi shekaru ba kowa a ciki sai awaki da ƙadangaru.

A daidai wannan lokaci Alhaji Lateef Jakande, Gwamnan Jihar Legas daga 1979 zuwa 1983, ya gina dubban gidaje a wurare irin su Amuwo-Odofin da Iponri da Abesan da Oke-Afa, aka sayar wa masu ƙaramin ƙarfi. Masu karatunmu da ke Legas ba sa buƙatar a ba su labari, domin gani ya kori ji. Darasin da ke cikin waɗannan shirye-shirye biyu shi ne, yawan gidajen da aka ambata a rediyo ba shi ke nuna nasara ba. Abin dubawa shi ne inda aka gina su, da wanda ya shiga, da yadda zai biya.

An ƙirƙiro Jihar Yobe ranar 27 ga Agusta, 1991, aka sa hedkwatarta a Damaturu. Gwamnatocin da suka biyo baya sun gina rukunin gidaje, akasari domin ma'aikatan da sabuwar jiha ta tara. A 2019 gwamnatin Mai Mala Buni ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Family Homes Funds, wanda Gwamnatin Tarayya ke da hannu a cikinsa, domin gina gidaje 3,600 a ƙananan hukumomi 17 na jihar, Potiskum kuma tana cikin garuruwan da aka yi wa rukuni. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa Yobe cikin jihohin da ta fara gina wa gidaje 250 kowace. Wannan ƙoƙari ne da ya cancanci yabo, musamman fitar da aikin daga hedkwata zuwa sauran garuruwa. Sai dai yabon gwani ya zama dole, gaya masa gaskiya ma haka.

Gaskiyar kuwa ita ce, ƙofar da ake bi a shiga irin waɗannan gidaje an sassaƙa ta ne daidai tsayin ma'aikacin gwamnati. Bari mu bayyana yadda abin yake. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci duk wata a zuba a ciki. Idan ya yi wata shida yana zubi, yana da ikon neman rance, a ɗora masa ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, ya biya cikin shekarun da za su iya kai 30. Wanda zai ba da rance yana son ya ga takardar albashi, domin daga nan ne za a riƙa cire kuɗin tun kafin su shiga hannu. Shi ya sa gwamnati ta fi samun sauƙin raba gidajenta ga ma'aikatanta, tun da ita ce ke biyan su, ita ce kuma za ta cire.

Ko shi ma'aikacin ma, ƙaramin cikinsu yana kallon gidan ne daga nesa. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Mu ɗauka, a misali, gida ya tsaya a kan naira miliyan 5. Idan aka lissafa da ruwa kashi 6 cikin 100 na shekara 30, biyan kowane wata zai kama kusan naira 30,000. Masu ba da rance kuwa ba sa son biya ya wuce sulusin abin da mutum ke samu, sulusin 70,000 kuma bai kai 24,000 ba. Ke nan masinja da lebura da mai shara sun faɗi tun a bakin ƙofa. In haka ta kasance ga mai albashi, ina ga mai gadi a Ikeja, ko mai tura baro a kasuwar Mile 12, ko yaron mota da ke kwana a ƙarƙashin tirela a Apapa?

Abin mamaki shi ne, waɗannan da aka bari a waje su ne suka fi kowa gini. Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Potiskum zai ga gidajen da aka tayar da kuɗin Kurmi, bulo ɗari yau, buhun siminti goma bayan wata uku. Ɗan ci-rani yana da abin shiga, takarda ce ba shi da ita. Yana zubin adashi shekara da shekaru bai taɓa fashi ba, wannan kuwa shaidar riƙon amana ce da ta fi takardar albashi ƙarfi, amma banki bai san da ita ba. Da yake yana gini shi kaɗai ne, daga nesa, sai ya zama kowace iska shi take kaɗawa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, gine-gine suka tsaya cik. Wani ya aika kuɗi a sa masa rufi, ya dawo da salla ya tarar an yi biki da su. Wani an sayar masa da filin da aka riga aka sayar wa mutum biyu. Tun daga dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna ne, takardar shaidar mallaka daga wurinsa take fitowa, wanda ke Fatakwal kuwa ba shi da lokacin yin sintiri tsakanin Potiskum da Damaturu yana bin fayil. Bayan wannan duka, akwai masu yawa da ko an ba su rancen ba za su karɓa ba, saboda tsoron riba.

Don haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Yobe, da sauran gwamnatocin jihohin Arewa, da Gwamnatin Tarayya, su duba waɗannan abubuwa biyar.

Na farko, a keɓe wani kaso sananne na kowane rukunin gidaje domin waɗanda ba su da albashi, a kuma riƙa bi ta hannun ƙungiyoyin gama kai masu rajista. Dokar Asusun Gidaje ta yarda mai zaman kansa ya yi zubi. Abin da ya rage shi ne a karɓi littafin zubin ƙungiya a madadin takardar albashi, ƙungiyar ta tsaya wa ɗanta, a kuma tsara biya daidai da yadda kasuwa ke kawo kuɗi.

Na biyu, kada a ce sai ginannen gida. Kuɗin da za a gina gida ɗaya da shi zai isa a gyara fuloti da dama. A yanka filaye kusa da gari, a fitar da hanya da magudanar ruwa, a kai famfo da wutar lantarki, a bar wurin makaranta da asibiti da kasuwa, sa'an nan a sayar da rahusa. In an samu hali a yi ɗaki biyu da bayan gida da katanga, mai shi ya ƙarasa a hankali kamar yadda ya saba. Masu zanen kuma su tuna cewa mutumin ƙasar nan yana son zaure da tsakar gida da wurin ɗaure dabba, yana kuma son ɗakin da zai iya kwana a ciki a watan bazara.

Na uku, a sauƙaƙa takardar mallaka. A bayyana kuɗinta a fili, a yanka mata wa'adi, a kuma buɗe wurin karɓar takardu a Legas da Badun da Fatakwal, ko a riƙa aika jami'ai can lokaci lokaci, domin mutum ya bincika ingancin fili kafin ya biya.

Na huɗu, a faɗaɗa tsarin haya wadda ke ƙarewa da mallaka, ba tare da ruwa ba. Tun 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki aka san cewa ana iya harkar banki babu riba a ƙasar nan. Mutum ya shiga gida yana biyan haya, in ya cika adadin da aka yi yarjejeniya gida ya zama nasa. A kuma bar waɗansu gidajen a matsayin na haya mai rahusa, domin matan da mazansu suka rasu da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu.

Na biyar, kuma shi ne uwa uba, a yi rabo a bainar jama'a. A liƙa sunayen waɗanda suka samu a sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta a rediyo. Mutum ɗaya gida ɗaya, wanda yake da gida a garin kuma ya haƙura. A hana sayarwa sai bayan waɗansu shekaru. In ba a yi haka ba, gidan da aka gina da sunan talaka zai koma hannun mai hali, shi kuma ya juyo ya ba talakan haya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mu ma 'yan Arewa mazauna Kudu muna da namu laifin, kuma bai kamata mu ɓoye shi ba. Muna da sarakunan Hausawa a kusan kowane gari, muna da ƙungiyoyin direbobi da na fataken shanu da na masu kayan gwari, amma ƙalilan ne daga cikinsu suka yi rajistar gama kai, balle su buɗe asusun gina gidaje. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum ɗaya in ya je ma'aikatar filaye sai a ce ya dawo gobe, amma ƙungiya mai mutum 200 da littafin zubi na shekara biyu a hannu, ko Kwamishina sai ya ba ta kujera. Saboda haka muna roƙon shugabanninmu na Agege da Idi-Araba da Shagamu da Sabon Badun da Lokpanta su tara jama'arsu a kan wannan magana, a zaɓi amintattu, a ajiye kuɗi a banki da sa hannun mutum uku, a riƙa karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Kowane ɗayanmu kuma ya daina sayen fili ta waya. A je a gani da ido, a tambayi mai unguwa, a bincika a ofishin filaye, a karɓi rasit, a rubuta shaidu.

Ƙarfin jiki ba ya dawwama, zaman Kurmi kuma komai daɗewarsa akwai ranar komawa gida. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kai shanun Potiskum Legas, yana biyan haraji a kowace tasha, ya cancanci ya tarar da ɗakin kansa ranar da ya ajiye sanda. Muna fata mahukunta a Damaturu da Abuja za su sa shi cikin lissafi tun kafin a raba rukuni na gaba, mu kuma za mu ci gaba da bin maganar a wannan shafi.