Ruwan Da Ba Shi Da Mafita

Duk sa'ad da filin noman rani ya yi farin ɓawo, shuka ta ƙone alhali jijiyarta na cikin danshi, sai masu faɗa a ji su ɗora wa manomi laifi, wai ya cika zuba taki, ko wai ƙasarsa ce ta tsufa. Ni ban yarda ba. Laifin yana wuyan wanda ya gina hanyar shigo da ruwa, ya manta da ta fitar da shi.

Babu ruwan kogi ko na rijiya da ba ya ɗauke da narkakken gishiri, komai daɗinsa a baki. Idan aka yi ta malala shi a fili maras magudana, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso kusa da sama, ƙananan ƙofofin laka su ja shi kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Rana ta kwashe ruwan, gishirin ya zauna ya daskare. Shi ya sa farin yake taruwa a ƙololuwar kunya, inda bushewa ta fi tsanani. Gishirin da ya yi yawa yakan hana jijiya tsotsar ruwa. In kuwa kanwa ce ta rinjaya, lakar takan toshe har ruwa ya kasa ratsa ta.

Kakanninmu sun san wannan sarai. Mutanen Dallol Foga a Nijar sun daɗe suna kankare ƙasa mai gishiri, su tace ta da ruwa, su dafa ruwan har gishirin ya fito. Ashe ruwan da ke kawo gishiri shi ne kuma ke wanke shi, muddin ya sami inda zai bi ya tafi. To, me ya hana masu digiri riƙe abin da mai tukunya ya gane?

Na san za a ce haƙa magudana yana da tsada. Gaskiya ne. Amma madatsar Tiga ta 1974 da ta Bakolori ta 1978 ba da araha aka gina su ba, kuma don gona aka yi su. Kudancin Iraƙi da kwarin Indus na Pakistan sun riga mu ɗanɗana kuɗar ban ruwa ba tare da isasshiyar mafita ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Don haka nake cewa kada a sake ƙaddamar da aikin ban ruwa sai an nuna wa manoma inda ruwan zai fita, an kuma ware kuɗin yashe magudanun kowace shekara. Gonar da gishiri ya cinye ba ta mutum ɗaya ba ce, gadon marayun gobe ce.