Libarba a Ƙarƙashin Riga

Yau zancenmu na bindiga ne. Kada wata ta ce wannan na maza ne, don kuwa ya raba wasu aminai biyu a nan Ɗanzomo, waɗanda tun suna 'yan mata ba a jin kansu.

Mijin ɗayar falke ne, yana cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya dawo da dare da kuɗin dabbobi a jikinsa. Saboda tsoron 'yan fashi sai ya nemi libarba, yana sa ta ƙarƙashin riga. Ran nan ɗan ƙawar ya je wasa gidan, ya dawo yana ba da labarin abin da ya gani ƙarƙashin matashi. Tun daga ranar uwar ta hana 'ya'yanta zuwa. Matar falke ta ce, "Ashe ƙawata, ɓarawo kika mai da maigidana?" Ita kuwa ta ce, "Ni dai ɗana na ke tsoro." Yanzu wata uku ke nan, ko a gidan suna ba sa zama tabarma ɗaya.

Wannan gardama manya ma sun yi ta. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce mutane su nemi makamin kare kansu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta faɗi haka, sai Janar Lucky Irabor, babban hafsan tsaro a lokacin, ya ce gwamna ba shi da wannan iko.

To, me doka ta ce? 'Yan makaranta ku riƙe wannan. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su uku. Bindigar toka irin ta maharba, Kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da lasinta. Mai baki biyu, sai Sufeto-Janar. Amma libarba tana cikin waɗanda aka haramta, sai da iznin Shugaban Ƙasa, wanda aka kama da ita ba lasin kuwa ɗaurinsa ba ya kasa shekara 10.

Ni a ganina ɓoyewar ce ta kawo tsiya. Maharbi a kafaɗa ya ke rataya tasa, kowa na gani, yara sun san ba a taɓawa. Wadda a ke ɓoyewa kuwa, baƙo ba ya sanin yana ɗaki ɗaya da ita, yaro kuma ba abin da ya fi so kamar abin da aka ɓoye. Saboda haka uwar nan tana da gaskiya da ta janye 'ya'yanta. Tsoron matar falke ma ba na wasa ba ne, duk wadda ta taɓa zaman jiran miji har tsakar dare ta san shi.

Inda uwar ta ɓata shi ne da ta kai zancen bakin famfo. Maganar da ke iya kai mijin aminiyarki gidan yari ba ta taro ba ce. Da ɗakin ƙawar ta shiga ta tambaye ta ina a ke ajiye abin, ko da harsashi ciki, ko ana kullewa, da wataƙila matar ta sami bakin yi wa maigidan magana a kan doka. Yanzu kam ta ƙi sauraron kowa, libarbar kuma tana nan ƙarƙashin matashi, ga 'ya'yanta huɗu a gidan.