Kwamfiresa Na Hannu: Ina Araha, Ina Tsada?

Daga watan Maris har ruwa ya sauka, duk mai mota a Manga da sauran ƙasar Zuru ya san zafi. A wannan lokaci ne na'urar sanyaya mota takan gaza, kuma sau da yawa abin da ke mutuwa a cikinta shi ne kwamfiresa, watau famfon nan da inji ke juyawa da bel, yana matse gas yana tura shi cikin bututu. In an je wurin makaniki sai ya ce sabo kaza, na hannu kaza. Malamin makaranta ko akawu, wanda albashinsa ke ƙarewa tun wata bai ƙare ba, ba ya dogon tunani, na hannu zai saya. Mu dai ba mu ga laifinsa ba. Amma akwai magana a cikin wannan ciniki wadda ta kamata a buɗe ta.

Da farko, me ya kai mu nan? A ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da Gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kwamfiresa kuwa daga waje ake kawo shi, saboda haka tsadar Dala ta hau kansa kai tsaye. Ko da ma can motocinmu yawancinsu na hannu ne. Zamanin da ma'aikaci ke karɓar sabuwar Peugeot daga masana'antar Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ya zama labari ga matasa. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, Afirka ce kuma ta fi kowace nahiya karɓa. Kayan gyara su ma wannan hanya suke bi, daga jirgin ruwa zuwa kasuwar Ladipo a Legas, daga nan zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kana su iso mana a bayan motar haya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kwamfiresa ba kamar fitila ko ƙofar mota yake ba, wadda ido ke gani ya san lafiyarta. Cikinsa a rufe yake. Man da ke cikinsa yana shan damshi kamar gishiri da damina, saboda haka in an ciro shi daga mota aka bar bakunansa buɗe, ya yi watanni a kwantena da rumfar kasuwa, lalle ya fara lalacewa tun kafin mai saye ya taɓa shi. Juya shi da hannu da mai shago ke yi a gabanka ba ya nuna kome sai dai cewa bai ƙame ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci kuwa shi ne, tsohon kwamfiresa ba ya mutuwa shi kaɗai. In ya ci kansa, garin ƙarfe yakan bazu cikin bututu duka, ya maƙale a kwandansa da ke gaban lagireto. Wanda ya ɗaura wani bai wanke bututun ba, bai sake ƴar tukunyar nan mai tsane damshi ba, bai zuƙe iska da famfo kafin ya zuba gas ba, to ya shayar da shi gubar da ta kashe na farko. Ko sabo fil ne haka zai mutu. Sai mai mota ya zagi ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya ce makaniki ne, kuɗi kuwa sun tafi sau biyu. Mutumin Kano yana iya komawa shago da ƙafarsa ya yi rigima. Mutumin Manga fa? Kuɗin mayar da kayan da jiran amsa kaɗai sun isa su sa ya haƙura.

Akwai kuma batun gas. Tsohon gas mai suna R-12 an daina shi bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, domin yana ɓata rufin sama da ke tare mana zafin hasken rana. Aka koma R-134a, wanda shi ne a yawancin motocin da ke hanyoyinmu. Tun 2017 kuwa ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shi a sababbin motoci, masu ƙera mota suka koma R-1234yf. Watau motocin da ke shigo mana yanzu ba gas ɗaya suke sha ba, ba kuma mai ɗaya ba. Makanikin da ya koyi aiki da ido kawai ba shi da hanyar sanin wannan in ba ya iya karanta takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet.

A nan ne maganar ta shafe mu, mu ma'aikatan ilmi. A ganinmu aibin ba a kayan hannu yake ba, a ƙarancin masu sanin aikin yake. Hukumar jarrabawar sana'o'i ta NABTEB tana da jarrabawa a kan aikin firji da na'urar sanyi, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Tarayya a nan Zuru. Amma har yanzu uba yakan ga cewa yaron da ya kasa boko shi ake kaiwa gareji. Alhali aikin da muka zana a sama yana bukatar mai karanta ma'aunin matsi, mai lissafin nauyin gas da yawan mai. Malamai su ne za su iya gyara wannan tunani tun daga aji, su nuna wa yaro mai kaifin lissafi cewa wannan ma hanya ce ta cin abinci da mutunci.

Kafin a kai can, wanda tilas ta sa shi sayen na hannu ya duba lambar da ke jikin tsohon ta dace da ta wanda zai saya. Kada ya karɓi wanda bakunansa ba a toshe suke ba. Ya nemi rasit mai ɗauke da kwanakin gwaji, a rubuce, ba da baki ba. Ya kuma tambayi makaniki ko yana da famfon zuƙe iska. In ya ce ba ya bukatarsa, gara a sauke gilashi a sha iskar Allah har a sami mai shi.