Kowane Kiɗa Da Lokacinsa

A arewacin ƙasar Hindu makaɗa sun kasa dare da rana kashi 8, kowane kashi sa'a 3, suka ba kowanne nasa karin kiɗa, wanda suke kira raga. Bairaf na asuba ne, Todi na hantsi, Yaman na bayan faɗuwar rana. Darbari kuwa, wanda ake jingina wa Tansen mawaƙin Sarki Akbar, sai dare ya raba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Galibin taron kiɗa da maraice ake yinsa, bayan mutane sun tashi kasuwa. A 2000 kuma Gwamnatin ƙasar ta hana lasifika a fili daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Saboda haka karin asuba da na tsakar dare suka rasa majalisa.

Waɗansu sun ce faifai ya wadatar. Ko kusa. Makaɗi nan take yake sarrafa raga a gaban jama'a, almajiri kuwa daga bakin malami yake ɗauka. Abin da majalisa ta daina nema, malami zai daina koyarwa, har ya mutu da shi a ka.

Lalle ya kamata masu shirya taro su buɗe zaman sassafe, ko da masu sauraro kaɗan ne.