Gidan Malamai Ba Zaure

Zuwa ga Edita,

Ga abin da na tanadar wa masu karatu a wannan mako. Ba labarin ji ba ne, abu ne da ya same ni da kaina.

Ran Jumma'a da ta wuce, da aka tashi daga ofis, muka shiga mota ni da mai ɗakina daga Katsina zuwa Daura, tafiyar kamar kilomita 80, domin mu gai da iyayenta. Tsarabarmu goro da turare da turmin atamfa. Masu karatu sun sani Daura ta yau ba rijiyar Kusugu kaɗai ake zuwa gani ba. Akwai Kwalejin Yusufu Bala Usman, ga ta Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, ga kuma Jami'ar Sufuri wadda aka aza harsashinta a ƙarshen wannan shekara ta 2019. Surukina malami ne a wata makaranta a ƙasar, kuma bana aka ba shi gida a cikin unguwar malamai. Wannan ne zuwana na farko tun da suka ƙaura daga cikin gari.

A tsohon gidansu na san inda zan tsaya. In na yi sallama sai a shimfiɗa mini tabarma a zaure, Baba ya fito in durƙusa in gaishe shi, ya koma. Sa'an nan yaro ya kawo akushi, in ci tare da ƙannen matata, waɗanda abokan wasana ne. Inna kuwa daga bayan labule muke gaisawa. Kowa ya sami girmansa, ba wanda ya takura.

To, a sabon gida ƙofa ɗaya ce, tana buɗewa kai tsaye cikin falo. Ina cire takalmi sai ga ni tsaye a gaban Inna, tana tsince shinkafa, ko mayafi ba ta kai ga ɗauka ba. Na zube ƙasa tsakanin kujera da tebur, gwiwata ta bugi ƙafar teburin, yara suka ƙunshe dariya. Bayan magariba aka jera kwanuka, Baba ya ce, "Malam, bismilla, matso." Na ce, "Baba, na ƙoshi, mun ci a hanya." Alhali rabona da abinci tun karin kumallo. A makarantar mishan an koya mini zama a tebur da riƙe cokali da cokali mai yatsu, amma ba a koya mini yadda zan haɗiye loma surukina yana duban maƙogwarona ba. An ce zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi. A daren nan da kiran na kwana, ba da tuwon ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Baba. Ya gane sarai, ya ɗauki butarsa ya ce za shi masallaci, bai komo ba sai da dare ya yi nisa, duk don ya ba ni fili a cikin gidansa. Dattijo mai furfura yana zaman jira a waje saboda yaro! Da gari ya waye ran Asabar sai ya sa aka fitar da mota, aka share gareji, aka shimfiɗa tabarma. Nan aka kawo mini fura, nan ɗalibansa biyu suka same mu da littattafansu, nan muka yi hira har azahar. Watau da garejin mota ya gina zauren da mai zanen gida ya manta.

Ban ɗora laifi a kan makarantar ba, gama irin wannan fasali ya cika ƙasar nan. Gado ne daga gidajen bariki, waɗanda aka gina wa Baturen da ba shi da suruki kusa, ba shi da almajiri a ƙofa. Amma a tuna, Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, da ƙasa aka gina ta bisa ginin ƙasarmu, kuma ilmi bai ƙi zama a ciki ba. Ginin yana nan tsaye, an mai da shi gidan tarihi, mai so ya je ya gani.

Wani zai ce kunya ce ya kamata ta ragu, ba ɗaki ya ƙaru ba. Na ji, kuma ita mai ɗakina haka ta ce mini a mota ran Lahadi, tana dariya. Amma malami ba surukai kaɗai ke zuwa masa ba. Ɗalibi namiji yakan zo neman bayani, ina za a sauke shi? Roƙona ga masu zana gidajen ma'aikata shi ne su ƙara ɗan ɗaki guda mai ƙofa biyu, ɗaya waje ɗaya ciki. Ina so malaman da ke zaune a irin waɗannan gidaje su rubuto su gaya mana yadda suke yi da baƙinsu.

Naka,
Akawu, Katsina.